Shekara tara babu haihuwa: har yaushe zan jira lokacin Allah?

Tambaya: Baba Fasto, ni 'yar ikilisiyar ECWA ce, shekarata 34. Shekara tara ke nan da aurenmu, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Duk wanda na kai wa kukana sai ya ce, "Ki yi haƙuri, lokacin Allah ya fi." Uwar mijina ta fara zancen a nemo wata. Ƙawata ta kai ni wurin wani mai addu'a, ya ce in shuka iri na kuɗi, kafin Kirsimeti zan yi goyo. Kirsimeti biyu sun wuce. Maigidana kuma ya ce zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Na gaji. Mene ne jiran lokacin Allah, kuma har yaushe?

Amsa: 'Yata, sannu. Na karanta saƙonki sau biyu, maganar da ta tsaya mini a rai ita ce "na gaji", kuma ba zan tsawata miki a kanta ba. Shekara tara wata 108 ke nan, kowane wata da nasa sa rai, da nasa faɗuwar gaba ranar da al'ada ta zo. Na daɗe ina zama da ma'aurata a kan wannan magana. Na sha ganin mace a gidan suna, tun asuba tana bakin murhu, ita ce mai rabon abinci, a miƙa mata jariri ta yi masa wasa, ta yi wa mai jego barka da fara'a, da yamma ta koma gida ta turo ƙofa. Mutane su ce ai wance akwai haƙuri. Matashin kanta ne kaɗai ya san abin da ya sha.

Zan fara da kalmar haƙurin nan, domin mun ɗora mata kayan da ba nata ba. A bakinmu, sau da yawa in an ce wa mace "yi haƙuri", abin da ake nufi shi ne ki yi shiru, kin dame mu. Littafi Mai Tsarki bai san irin wannan haƙuri ba. Buɗe Zabura 13. Aya shida ce duka duka, amma a biyun farko Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu, har yana cewa ko an manta da shi ke nan har abada. Tambayar da kika yi mini tana cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah, da ita ake sujada.

Ki kuma zauna da Hannatu a 1 Sama'ila sura 1. Kowace shekara in sun haura Shilo, kishiyarta Feninna sai ta tsokane ta har ta kasa cin abinci. Mijinta Elkana yana ƙaunarta ƙwarai, sai dai lallashinsa irin namu ne na maza: ban fi miki 'ya'ya goma ba? Nassi bai ce ta amsa masa ba. Ta tashi ta tafi gaban Ubangiji tana kuka mai zafi, leɓunanta na motsi, murya ba ta fita, har Eli firist ya zaci ta sha ta bugu. Ta ce masa a'a, ranka ya daɗe, zuciyata nake juyewa a gaban Ubangiji. Abin da ya fi taɓa ni yana aya ta 18: ta tafi, ta ci abinci, fuskarta ta sake. A wannan lokacin ba ta da ciki, Feninna ma tana nan da bakinta. Abu ɗaya ya canja, ta sauke kayan a inda ya dace. Saboda haka kada ki ƙara yi wa Allah addu'ar kunya kamar baƙuwa a gidan surukai. Ki gaya masa kin gaji, da irin kalmomin da kika gaya mini.

Yanzu ga ma'anar jiran. Kalmar Ibrananci da aka fassara "jira" a Ishaya 40:31 tushenta ɗaya da kalmar "bege", ita kuma wannan kalma ta bege ita ce aka yi amfani da ita a Joshuwa sura 2 don igiyar nan ja da Rahab ta ɗaura a taga. Ina son wannan hoto. Kin san igiyar guga: in guga ya cika ana ja, takan miƙe tsam, tana cin tafin hannu. Mai jiran Ubangiji haka yake, akwai nauyi, akwai zafi, amma a ɗaure yake da wani. Yakubu 5:7 ya kawo misalin da ya fi kusa da mu, na manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe. A ƙasar Isra'ila ruwan fari yakan sauko wajen Oktoba ko Nuwamba, na ƙarshe wajen Maris da Afrilu. Dubi manominmu a ƙarshen rani. Ya yi sharar gona, ya kai taki, ya kai garma wurin maƙeri, ya ware irin da zai shuka, wani ma ya yi binne tun ƙasa na busasshiya. Da yamma ya tsaya yana duban gabas. Hadari kam ba shi da iko da shi ko kaɗan. Manomi iri biyu ne ke kwana da yunwa: wanda ya kishingiɗa a gindin bishiya yana cewa Allah zai yi, gona ba shara, da wanda ya ga yayyafin farko ya zuba irinsa duka, ruwa ya ɗauke, tsiro ya ƙone.

To ga amsata, sauran bayani duk a kanta zai tsaya. Abin da Allah ya halatta, ki yi shi da dukan ƙarfinki. Abin da ya hana, kada gajiya ta kai ki gare shi. Ranar kuwa tasa ce, ki bar masa. Mutum ukun da kika ambata, kowannensu ya rikita ɗaya daga cikin waɗannan.

Na farko maigidanki. Ki ba shi wannan sashe ya karanta da kansa.

Ɗana, ina gaishe ka. Na san ba mugunta ce ta sa ka hana zuwa asibiti ba, amma ka yi kuskure, kuskuren kuma yana cin lokaci mai tsada. Luka da ya rubuta mana Bishara da Ayyukan Manzanni likita ne, Bulus ya kira shi ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Da Allah ya ƙara wa sarki Hezekiya shekara 15, annabi Ishaya da bakinsa ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Alkawari daga Allah, magani daga hannun mutum, babu wanda ya ture wani. In zazzaɓi ya kama ka kana shan magani, ban taɓa jin ka ce rashin bangaskiya ba ne.

Likitoci na cewa in ma'aurata sun shekara ɗaya suna tare babu ciki, lokacin bincike ya yi, in matar ta kai 35 kuwa, wata shida ya isa, domin daga wannan shekarun ƙwan mace yana raguwa da sauri. Matarka tana da 34. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, ka ga ba ku kaɗai ba ne. Ga kuma abin da maza ba sa so a faɗa: a kusan rabin irin waɗannan ma'aurata, akwai matsala a wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar ƙwayoyin haihuwarsa daban. Gwajin maniyyi na cikin mafi sauƙi da araha a duk binciken, amma sai ka ga an shekara goma ana ɗura wa mace jiƙe-jiƙe, mijin ko sau ɗaya bai tsaya gaban likita ba. Sau da yawa in na matsa wa namiji a ofishina, muka zauna mu biyu, sai in tarar tsoro ne ya sa rigar bangaskiya. Ba abin kunya ba ne, ni ma namiji ne. A wajen mata kuma akan samu toshewar bututun mahaifa bayan ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko ƙari a mahaifa, ko rashin fitar ƙwai a kan lokaci. Wasu da ƙwayar magani ake gyarawa, wasu da aiki. Ku je wurin likitan mata na ainihi a babban asibiti, irin asibitocin koyarwa na Jos, ko Shika a Zariya, ko Kano, ku je ku biyu, ku yi addu'a a ƙofa ku shiga.

Na kuma ba ka Ishaku ka yi koyi da shi. Ya auri Rifkatu yana da shekara 40, aka haifi tagwaye yana da 60. Shekara ashirin. Farawa 25:21 ta ce ya roƙi Ubangiji saboda matarsa. Bai ƙara aure ba, bai bar ta ita kaɗai da abin ba. Zancen Mama kuwa, kai ne za ka tare shi, cikin ladabi, a ɗakinta, ba a gaban matarka ba. Ba aikin suruka ba ne ta kare aurenta a gaban uwar mijinta alhali kana raye.

'Yata, na dawo gare ki, kan zancen Mama. Kada ki riƙe ta a zuci. Tsohuwa ce mai son ta ga jika kafin ta kwanta dama, ita ma ana yi mata gori a cikin tsaranta. Amma shawararta tsohuwar shawara ce, an gwada ta a Farawa 16. Ibrahim ya bar Haran yana da shekara 75 da alkawarin zuriya. Da suka shekara goma a Kan'ana shiru, Saratu da kanta ta ce ya ɗauki baiwarta Hajaratu. Al'adar zamanin ta yarda da haka, babu maƙwabcin da zai ga laifinsu. Me ya biyo baya? Raini, kishi, wulaƙanci, har mace mai ciki ta gudu jeji. Allah ya ga Hajaratu, ya ji kukanta, ya kuma sa wa Isma'ilu albarka, domin shi ba ya yar da kowa. Amma gidan bai ƙara zama daidai ba, alkawarin kuma bai matso ko da kwana ɗaya ba. An haifi Isma'ilu Ibrahim na da 86, Ishaku ya zo yana da 100. Mu Kirista muna tsaye a kan maganar Yesu a Matiyu 19, cewa su biyu sun zama jiki ɗaya. Ranar da kuka tsaya gaban ikilisiya, alkawarin da kuka ɗauka babu "in an haihu" a cikinsa. Aurenku cikakke ne yau ɗin nan.

Sai mai addu'ar nan. A nan raina yana ɓaci, ba kuma da ke ba. Mai ciwo duk inda aka ce akwai magani zai je, ba na ganin laifinki. Amma irinsa sun daɗe. A Irmiya sura 28, an kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila, kowa na ƙishin labari mai daɗi. Wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila, kowa ya dawo. Irmiya ya ce amin, Allah ya sa, amma annabin da ya yi annabcin salama sai maganarsa ta cika ake sanin Ubangiji ne ya aiko shi. Maganar Allah ta gaskiya ita ce shekara 70. Hananiya bai ga ƙarshen wannan shekarar ba. Ma'aunin yana Maimaitawar Shari'a 18:22: in annabi ya faɗa bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Kirsimeti biyu sun riga sun yanke hukunci. Game da kuɗin kuma, da Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce ya hallaka tare da kuɗinsa. Elisha ya ƙi karɓar ko zare daga hannun Na'aman bayan ya warke daga kuturta. Baiko da zakka muna bayarwa don godiya, a ikilisiyar da ta san mu. Ɗa ba kayan kasuwa ba ne. Kada ki ƙara kai masa ko sisi, ki tara kuɗin don gwaji.

Na san abin da zai ce in kin koma: bangaskiyarki ce ta gaza, ko akwai zunubi a ɓoye, ko wata a dangi ta ɗaure miki mahaifa. Da haka ake raba mace da 'yan'uwanta. Ki riƙe Luka 1:6-7. Zakariya da Alisabatu dukansu masu adalci ne a gaban Allah, suna bin umarnansa ba abin zargi, aya ta gaba kuma ta ce ba su da ɗa. Luka ya jera maganganun biyu kusa da juna don kada wani ya ce rashin haihuwa horo ne. In akwai zunubin da kika sani, ki tuba kamar kowane mai bi. Amma kada ki kwana kina tonon laifin da babu.

Saura tambayarki ta ƙarshe, har yaushe. Nan ne zan faɗa miki abin da ya fi nauyi, domin in na ɓoye, na zama ɗaya da wanda na gama zargi. Babu ɗan Adam da aka ba wannan ranar. Yesu ya gaya wa manzanninsa a Ayyukan Manzanni 1:7 cewa sanin lokatai da zamanai ba nasu ba ne, Uba ya ajiye su cikin ikonsa. Akwai kuma bambanci tsakaninki da Saratu. Ita an kira sunanta, an ce baɗi war haka za ta haifi ɗa. Ni da ke ba mu da ayar da ta yi wa kowace mai bi alkawarin haihuwa. Ina roƙon Allah ya ba ki, na kuma ga ya ba waɗanda suka fi ki daɗewa, na riƙe 'ya'yansu da hannuna a gaban ikilisiya. Na kuma binne tsofaffin mata masu tsoron Allah da ba su taɓa haihuwa ba, ba kuma zan yarda wani ya ce mini sun gaza a bangaskiya ba. Ibraniyawa 11 ta lissafa jarumawan bangaskiya, sa'an nan ta ce waɗannan duka sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi.

Ikilisiyar da kike sujada a cikinta ma daga irin wannan jira ta fito. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan ta farko a Patigi, ECWA kuwa sai 1954 ta tsaya da ƙafafunta. Gowans da Kent ba su ga ko majami'a ɗaya ba. Ranar Lahadi in 'yan zumunta sun ɗauki waƙa, tulu na amsawa, kina cikin amsar addu'ar da masu yin ta ba su gani da idonsu ba.

Me aka yi miki alkawari ke nan? Allah kansa. Ya ce ba zai bar ki ba, ba zai yashe ki ba. Romawa 8:26 ta ce in kalmomi sun ƙare, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Ki karanta Yahaya 11 a hankali. Aya ta 5 ta ce Yesu yana ƙaunar Marta da 'yar'uwarta da Li'azaru, aya ta 6 ta ce da ya ji ba shi da lafiya, sai ya ƙara kwana biyu a inda yake. Ƙauna da jinkiri a jere. Da ya iso Betanya gawa ta kwana huɗu, Marta ta tare shi a hanya ta ce da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Bai ce mata ta yi haƙuri ba. Ya saurare ta, ya ga hawayen 'yar'uwarta Maryamu, shi ma ya yi kuka, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Wanda kike jira ke nan. Jinkirinsa bai taɓa zama shaidar cewa ya daina ƙaunarki ba.

Abu ɗaya nake jin tsoro a kanki, kada ki jingine rayuwarki a bango sai ranar da kika haihu. Na ga matan da suka ƙi komawa makaranta, suka ƙi kama sana'a, suka daina ko kitso mai kyau, komai sai "in Allah ya kawo". Wasiƙar da Irmiya ya aika wa masu bauta a Babila, a sura 29, cewa ta yi su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su nemi zaman lafiyar birnin. Shekarun jira ma shekarun rayuwa ne, ana lissafa su. In akwai karatun da kika ajiye, ki ɗauko. In ke da maigidanki kun ga zuciyarku ta karkata ga riƙon yaro, ga marayu nan cike da ikilisiyoyinmu bayan rikice-rikicen shekarun nan. Ku yi shawara, ku bi ta hanyar dangi da hukuma yadda ya kamata, ku kuma ɗauke shi don shi kansa, kada ya zama maganin jawo ciki kamar yadda wasu ke cewa. Yaro yana gane wanda ya riƙe shi da zuciya ɗaya.

Ki nemi mata biyu manya a Zumuntar Mata, masu riƙe sirri, waɗanda za ki iya buga wa waya ranar da al'ada ta zo ki ce "Mama, yau ma", su gane ba sai kin ƙara bayani ba. Ba kowa za ki buɗe wa ciki ba. In kuma wata rana an gayyace ki suna kika ji zuciyarki ba za ta ɗauka ba, ki aika da gudummawarki da gaisuwa, ki zauna a gida. Ba hassada ba ce, ba kuma zunubi ba ne.

Daren yau, bayan kun ci abinci, ki ce wa maigidanki ku karanta Zabura 13 tare, shi ya karanta aya huɗu na farko, ke ki karanta biyun ƙarshe. In kuka ya zo, ku bar shi ya zo. Sa'an nan ku sa ranar zuwa asibiti kafin watan nan ya ƙare. In ya ƙi, ki gaya wa fastonku ko dattijon da yake jin maganarsa, su zauna da shi. Ni da Mama Fasto mun sa ku a addu'armu ta safe daga yau. In kun dawo, ki rubuto mini abin da likita ya ce game da ku biyun.